Filtar da Ba Ta Cikin Toka

Insifekta na tsugune gaban tsohuwar motarsa a harabar ofis yana lallashinta ta tashi, sai ga Saje ta fito da sauri, hularta a hannu.

"Yallaɓai, mota ta kama da wuta a tsohon filin jirgi, inda samari ke tsere. Direban bai fita ba."

"Haɗari ne?"

"Mahaifinsa ya ce kisa ne. Har ya faɗi wanda ya yi."

Insifekta ya miƙe yana goge hannu da tsumma. "Tun gawa ba ta huce ba har an san mai laifi? To mu me za mu je yi?"

Haka yake. Ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya tambayi kansa me kake nema. Matarsa ta sha cewa ran da ta yi masa girki mai daɗi, ranar ne yake kallonta da wutsiyar ido. Ya harari motarsa da ta ƙi tashi, suka shiga ta ofis.

A filin, motar ta koma ƙwarangwal. 'Yan kwana-kwana sun gama aikinsu, motar asibiti ta tafi da gawa. Mamacin matashi ne magidanci, kowa na kiransa Walƙiya saboda gudu. Abokansa sun yi cirko-cirko a rana, ba mai iya haɗa ido da wani.

"Wa ya ga abin da ya faru?" in ji Insifekta.

Wani mai jar riga ya matso. "Gwaji yake yi, yallaɓai, saboda tseren da ke tafe. Yana cikin gudu sai muka ji injin yana tari. Ya tsaya can nesa. Muka ga yana ta bugun jikinsa a ciki, mu kuwa muna dariya, mun ɗauka haushi yake ji." Muryarsa ta karye. "Wallahi ba mu ga wuta ba. Sai da hayaƙi ya tashi."

Shugaban 'yan kwana-kwana ya gyaɗa kai. "Ba fetur take sha ba. An juya ta ta koma shan etanol, man nan da ake tatsa daga rake. Wutarsa da tsakar rana ba ta cika ganuwa ba."

Wani dattijo ne ya ratso mutane, dogo, kafaɗa a buɗe, hannuwansa duk kanta. Tsohon direban babbar mota ne, shi ya sa ake ce masa Baba Tirela. Idonsa jajur amma babu hawaye.

"Kai ne babbansu? Ni ne uban yaron. Bahago ya kashe mini ɗa, mai garejin da ya haɗa wannan masifa. A garejinsa ta kwana, daga can yaron ya ɗauko ta da safe."

"Allah ya ba da haƙuri, Baba. Kai ka san motar?"

"Ban santa ba, ban son saninta. Ko bakinta ban taɓa leƙawa ba."

Insifekta ya yi masa kallon da yake yi wa kowa, sannan ya zagaya gaban motar. Bai san inji sosai ba, in ya sani da tasa na tashi. Amma ya san abin da bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Duk bututun man da ke cikin injin na ƙarfe ne, kowanne da kansa mai zare da ake ɗaurewa da sifana. Wuri ɗaya ne kawai ya bambanta. A nan akwai wani dunƙulen roba da ya narke ya daskare, da murfin ƙarfe ɗan ƙarami a manne, ga kuma zoben waya a kowane gefe.

Ya ɗauko zoben ɗaya ya juya shi a tafin hannu. An naɗa wayar sau biyu, an murɗe ta da filaya tsaf, sannan an lanƙwasa jelar ta koma ciki don kada ta yanki yatsa. Aikin mai natsuwa ne.

"Saje, sa waɗannan a leda."

Garejin Bahago yana ƙarshen layin masu walda. Kafin su isa, abokan mamacin sun riga su. An farfasa gilasan taga, an zubar da gangar baƙin mai a ƙofa. Suka tarar da Bahago a ciki zaune kan taya, gajere mai tabarau, matarsa tsaye a gabansa riƙe da ƙarfen ɗaga mota kamar mai gadin ƙofa.

"Ajiye wannan, 'yar'uwa," in ji Saje. "Mu ne."

Insifekta ya ja kujera. "Kai ka haɗa motar Walƙiya?"

"Ni ne, yallaɓai. Da hannuna."

"A nan ta kwana jiya?"

"A nan? Rabonta da nan ya fi mako. Gida ya kai ta."

"Mahaifinsa ya ce a nan ta kwana."

Insifekta ya ciro ledar ya ɗora masa a cinya. "Mene ne wannan?"

Bahago ya gyara tabarau ya duba, sai ya zabura har ledar ta kusa faɗuwa. "A ina aka samo wannan?"

"Ni ke tambaya."

"Filtar mai ce, matatar da ke tare datti kafin mai ya shiga inji. Amma ta roba ce, mai takarda a ciki. Ta tsofaffin motocin fetur ce. Ba dai a motar Walƙiya ba?"

"A cikinta."

"Ba ni na sa ba! Yallaɓai, etanol ba ya shiri da takarda. Yana jan ruwa, takardar ta jiƙe ta ruɓe, gam ɗin da ya riƙe ta ya saki. Sai ta toshe. Famfon da na sa wa motar nan kuwa ƙarfinsa ya ninka na motar gida, in ya turo mai ya tarar da hanya a toshe, robar ce za ta fashe. Man ya feso kan inji mai zafi." Ya dafe kai. "Ni ta ƙarfe na sa masa, mai raga a ciki, ƙarfen da ba ya tsatsa. Sai da na tabbatar har robobin bakinta irin waɗanda etanol ba ya ci ne. Ita ba a canza ta, kwancewa ake yi a wanke a mayar."

"Ta ƙarfe tana ƙonewa?"

"Ina! Ko motar ta zama toka za a tsince ta."

"To ba mu tsince ta ba."

Insifekta ya bar shi da wannan, ya tashi ya zaga garejin yana leƙa injinan da ke buɗe. Ko'ina kai mai zare ne, ko kilif ɗin matse tiyo na kanti. Bai ga ɗaurin waya ko ɗaya ba. Wannan bai wanke Bahago a wurinsa ba, don mai son ɓatar da sawu ai ba zai yi aiki irin nasa na kullum ba.

"Akwai wani saɓani tsakaninku da mamacin?"

"Babu, yallaɓai. Kamar ƙanina yake."

Amsar ta fito da wuri fiye da kima. Insifekta ya dubi fasassun tagogin, ya dubi mutanen da suka fara taruwa a bakin layi.

"Tashi mu je ofis."

Matar ta fasa kuka. Saje ta raɗa mata cewa ko ba komai bayan kanta a ofishinsu ya fi nan tsaro yau, amma ko ita Saje ba ta san ko don tsaron ne aka tafi da shi ba.

Washegari shugaban ofis ya kira Insifekta. Dangin mamacin sun cika harabar, Baba Tirela a gaba, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Matar Bahago kuwa tana can gefe ƙarƙashin bishiya ita kaɗai, da kwanon abincin da aka hana ta shiga da shi.

"Me kake jira?" in ji shugaban. "Ga mai gareji, ga shaidar uba. Ka shirya shi kotu kan kisan kai kafin mutanen nan su ɗaga mana rufin ofis."

"Akwai ƙarfen da nake nema, ranka ya daɗe."

"Ƙarfe! In ba ka kawo mini mutum ba kafin a tashi aiki gobe, da wanda ke hannu za a tafi."

Yana fitowa Saje ta tare shi. Ta zaga layin masu walda da sassafe, ta sha shayi da mutane, ta dawo da labari. Insifekta ya sa aka fito da Bahago.

"Kamar ƙaninka yake, ko? Shi ya sa ka jefe shi da sifana a gaban maƙwabta, ka ce in ya sake tako garejinka sai dai a kwashe shi?"

Bahago ya yi tsuru-tsuru. Kwana ɗaya a sel ya zabge shi kamar ya yi jinya.

"Tsoro ne ya sa na ɓoye, yallaɓai. Mun yi faɗa, gaskiya ne. So yake in ƙara wa injin ƙarfi fiye da abin da zai ɗauka, na ce ba da hannuna ba. Ya zage ni, na kore shi da motarsa. Tun ranar ban sake ganinta ba."

"Wanda ya yi ƙarya sau ɗaya, me zai hana ya yi ta biyu?"

"Ba abin da zai hana. Amma yallaɓai, in da zan kashe mutum, da filta zan kashe shi? A motar da kowa ya san ni na haɗa?"

"A ina ka samo ta ƙarfen?"

"Shagon Mai Sifiya, bayan tasha. Tare muka je da Walƙiya muka zaɓa."

Shagon Mai Sifiya ɗan tsukuku ne, kayan gyaran mota tun daga ƙasa har rufi, bel-bel na reto kamar igiyar shanya. Mai shagon ƙato ne mai yawan murmushi, irin murmushin da Insifekta ya fi tsana.

"Ka san Walƙiya?"

"Allah ya jiƙansa. Sama-sama dai."

"Ka tuna ran da suka zo sayen filta da Bahago?"

"Kai, yallaɓai, mutum nawa ke shigowa nan a wuni? Ni ban riƙe fuska."

"Su biyu ne suka zo?"

"Su biyu ne."

"Ka ce ba ka tuna ba."

Murmushin ya ɗan dushe. Insifekta ya zazzage dunƙulen robar a kan kanta, ya nuna ɗan murfin ƙarfen da ke manne. "Kana sayar da irin wannan?"

Mai Sifiya ya ɗauka ya kai kusa da ido, kuma a nan ɗan kasuwar cikinsa ya rinjayi matsoracin. "Tabɗi! Wannan ai tsohon yayi ne. An daina kawo ta tun ina yaron shago. Yanzu ko ka zaga kasuwar nan kaf ba za ka samu ba, sai dai wurin tsofaffin hannu masu ajiye-ajiye."

"Kamar su wa?"

"Ni dai ban ce kowa ba."

"Saje, rufe masa shagon. Zai fi tunawa a ofis."

"Tsaya, yallaɓai, tsaya!" Ya leƙa waje ya dawo, ya rage murya. "Ni ban son shiga tsakanin uba da ɗa, balle ga rasuwa. Su uku ne. Baba Tirela na zaune nan kan bencin nan, nan yake hira kusan kullum, sai ga su sun shigo. Da ya ga ta ƙarfen sai ya karɓa ya ɗaga ta a haske, ya ce wannan ai rariya ce, ko tsakuwa ta wuce. Ya ce shi da ta takarda ya yi tuƙi har ya tsufa, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Bahago ya yi masa bayani da ladabi, ya ce in aka sa takarda a etanol ruɓewa take yi ta shaƙe motar. Da a nan aka tsaya da lafiya. Sai shi yaron ya yi dariya ya ce, 'Baba, zamaninka ya wuce, ka bar mana namu.' A gaban mutane."

"Dattijon ya ce me?"

"Abu ɗaya ya tambayi Bahago, wai in ta shaƙe, motar tsayawa take yi? Bahago ya ce tsayawa take yi mana. Sai ya ɗauki hularsa ya fita."

A mota, suna wuce tasha Saje ta ce, "Yallaɓai, uba ne fa."

"Uban da ya ce ko bakin motar bai taɓa leƙawa ba."

"Ba daɗi."

"Wa ya ce miki da daɗi?"

Ba daɗin kuwa. Insifekta ya fi son mai laifinsa ya zama mugu sosai, wanda za a sa wa ankwa a koma gida a ci abinci lafiya. Wannan karon zuciyarsa ta ƙi kwanciya, har ya kama kansa yana fatan zarginsa ya faɗi ƙasa banza, abin da bai taɓa yi ba.

Gidan Baba Tirela babba ne, mamacin da matarsa a sashe ɗaya, dattijon a ɗayan. Masu gaisuwa sun ragu da suka isa washegari da hantsi. Saje ta shige wurin matar mamacin, Insifekta ya tsaya a tsakar gida yana jiran a kira masa Baba Tirela. Tsayuwar jira ita ce rabin aikinsa.

Akwai rumfar kwano a gefe, babu komai a ƙarƙashinta, an share ta fes. Amma mai sharar bai iya share sawun faffaɗan tayoyin da suka nutse a ƙasa ba, ga kuma tamfol a ninke a kan gini. Ya matsa wajen famfo kamar mai son wanke hannu. Tiyon da ke bakin famfon da waya aka ɗaure shi, naɗi biyu, murɗi tsaf, jela a lanƙwashe ciki. Ya ɗaga kai. Hannun butar da ke kusa, haka. Ƙafar kujerar da aka kawo masa, haka. Har ƙyauren ɗakin ajiya, duk hannu ɗaya ne.

Ya ciro zoben da ke aljihunsa ya kara kusa da na famfon, sannan ya mayar.

Saje ta fito, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. "Ta ce motar ba ta taɓa kwana a gidan nan ba. Amma ƙasa take kallo, kuma kalma ɗaya take ta maimaitawa kamar hadda. Da na tambaye ta inda mijin ke rataye makulli, ta nuna mini ƙusa a bayan ƙofa, ta ce nan yake rataye na motar tsere. Sai ta toshe bakinta da hannu."

Baba Tirela ya fito, ya zauna a kan benci bai miƙa hannu ba. "An kai shi kotu?"

"Saura kaɗan, Baba. Abu ɗaya ya rage in cike. Bahago ya nace wai filtar ƙarfe ya sa wa motar, mu kuma ba mu gan ta a toka ba."

"Ƙarya yake yi."

"Wataƙila. Ni ma na ce masa ko da ya sa ɗin, wanda ya cire ta ai tuni ya wurga ta a bola, ko ya jefa a kwata. Abin banza, rariya, wa zai ajiye?"

"Bola?" Kalmar ta kuɓuce wa dattijon kafin ya kama ta. "Ƙarfe irin wannan, zarensa lafiya, ragarsa ko ɗigon tsatsa babu, a ce a..."

Ya tsaya.

"Ka ce ba ka taɓa leƙa motar ba, Baba. Yaya aka yi ka san zarensa lafiya?"

"A shago na gani."

"A shago sabuwa ce, ba a cewa sabon abu bai yi tsatsa ba. Wa ya ɗaure tiyon famfon can?"

"Ni ne. Laifi ne?"

Insifekta ya ɗora zoben wayar a kan bencin, tsakaninsu. Wuta ta baƙanta shi amma murɗin na nan yadda aka yi shi. "Daga bakin filtar da ta fashe na ciro wannan. Bahago ba ya ɗauri da waya, na duba garejinsa. Ina son ka buɗe mini ɗakin can."

Dattijon ya daɗe yana kallon zoben. Hannunsa ya kai kansa ya shafa jelar da aka lanƙwasa. Sannan ya tashi, ya ciro makulli daga aljihu, ya yi gaba suna biye.

Ɗakin ajiyar ya fi ɗakin kwanan wasu tsabta. Gwangwanaye jere a kan katako, na kusoshi daban, na noti daban, na washa daban. Tsofaffin fulogi a wanke, bel a naɗe, guntayen waya a miƙe an ɗaure su dami-dami. Tun yana ƙaramin direba mutumin nan bai taɓa jefar da abin da zai sake amfani ba. A kan katako na sama akwai kwalayen filta na tsohon yayi da suka koɗe, ɗaya a buɗe babu komai ciki.

Ba sai da aka bincika ba. Ya miƙa hannu bayan gwangwanayen ya ɗauko wani abu a naɗe cikin farin tsumma, ya warware. Filtar ƙarfe ce, tana ƙyalli, an toshe bakinta biyu da tsumma don kada ƙura ta shiga.

Matar mamacin ta biyo su ba su sani ba. Tana ganin abin ta zube a bakin ƙofa. "Baba, ka ce mini gyara za ka yi masa! Ka ce in ba ka makullin, kada in faɗa masa!"

"Ki tashi, 'yata. Babu ruwanki." Ya juyo ga Insifekta. "Babu ruwanta. Ni na ce ta ce motar ba ta kwana nan ba."

"Ina jinka."

Ya zauna a kan wani tsohon batir, filtar a cinyarsa. Muryar da ta cika harabar ofis jiya ta koma ƙarama.

"Bara ya kife da mota a filin nan, aka kawo mini shi ƙafa a karye, haƙarƙari a karye. Ni na yi jinyarsa, ni ke ɗaga shi in kai shi banɗaki. Yana warkewa ya koma. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da 'yan'uwan uwarsa, a banza. Ni na san hanya, Insifekta, na kwashe gawar abokaina da hannuna a bakin titi. Na ga inda yaron nan ya dosa."

"Sai ka ji maganar Bahago a shago."

"Sai na ji ya ce takarda na shaƙe motar ta tsaya. Na ce to, ga hanya. Ran da yaron ya fita ɗaurin auren abokinsa na karɓi makulli, na kwance tasu, na sa tawa. Bakin bai yi daidai ba, na haɗa da guntun tiyo na ɗaure da waya. Na ɗaure sosai, don kada ta yi yoyo ta cutar da shi." Ya yi wata dariya marar daɗin ji. "Niyyata ta mutu masa a tsakiyar fili a gaban abokansa, ya ji kunya, ya ce motar banza ce, ya haƙura. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ina son ya dawo ya ce, Baba, zo ka duba mini. Sau ɗaya dai."

"Ba ka san ƙarfin famfon ba?"

"A motocinmu in filta ta toshe, mota tari take yi ta mutu, ka sauka ka hura ka ci gaba. Ban tambaya ba. Girman kai ya hana ni tambayar yaron da na girmi ubansa."

"Wannan na ji," in ji Insifekta, kuma muryarsa ta yi kauri. "Wanda ban ji ba shi ne na Bahago. Ka tsaya gaban ofishina kana kiran a rataye mutumin da ka san bai yi ba. An fasa masa gareji. Matarsa a ƙarƙashin bishiya ta wuni. Da ban zo gidan nan ba, gobe yana gaban alƙali kan kisan kai."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Sai yanzu hawayen suka zo, suna ɗiga kan tsumman.

"Da na isa filin na ga motar, na san ni ne. In ban nuna wani ba, dole in nuna kaina, ni kuwa na kasa. Shi ya raba ni da yaron, a garejinsa yake wuni, maganarsa yake ji. Na ce to ya ɗauka. Allah ya sani na zalunce shi."

Saje ta ciro ankwa, ta dubi Insifekta. Ya girgiza kai, ta mayar. Ta miƙa hannu za ta karɓi filtar, dattijon ya sake naɗe ta da tsumman a hankali kafin ya ba ta.

"Riƙe ta da kyau, 'yata, kada ta faɗi zaren ya lalace."

A ofis, ana shigar da shi ana fito da Bahago, suka yi kiciɓis a gaban kanta. Matar Bahago ta riga ta shigo, ta riƙe hannun mijinta gam. Filtar na kan kanta cikin ledar shaida. Bahago ya gan ta, ya ga dattijon tsakanin 'yan sanda, bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ya cire tabarau ya goge ido.

"Baba, da ka zo ka same ni. Ni ma hana shi nake yi. Faɗan da muka yi ke nan har na kore shi."

Baba Tirela ya tsaya cak. Wannan ne bai sani ba. Ya dubi Bahago kamar yau ya fara ganinsa.

"Kai ma?"

"Ni ma, Baba."

Dattijon ya juya ya dubi filtar ta cikin leda. "Na kwance ta na wanke," ya ce, ba da kowa yake ba. "Ko ƙwayar datti ba ta bari ta wuce ba. Da na bar ta inda take, da yanzu yana gida yana yi mini rashin kunya."

Saje ta kama gwiwar hannunsa a hankali, ta bi da shi ta ƙofar baya.